Ƙyallen Tela a Gaban Malamai: Nazarin Zaman Sharhi Kan Aikin Wata Ɗaliba a Gusau

Ɗalibar tana shekararta ta ƙarshe a sashen zane da ƙere-ƙere na wata babbar makaranta a Gusau, kuma sharar tufafi ta zaɓa don aikin kammala karatunta. Ta yi dabara wajen tara kaya. Ta bari sai goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke kwana a kan keke, ta ɗauki buhu ta bi shagunan Tsohuwar Kasuwa da Sabon Gari da Tudun Wada tana roƙon abin da almakashi ya zubar. Wasu suka cika mata buhu suna dariya. Wasu suka hana, har da wanda ya ce shi ba ya ba baƙo ƙyallen kayan mutane, kada a je a yi wa mai kaya wani abu, magana ta dawo kansa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da yake tsoro, kuma ita ma ba ta ja da shi ba.

Abin da ta haɗa allon katako ne wanda tsayinsa ya ɗara mutum. Ta lulluɓe shi da guntayen atamfa da shadda da les da yadin nan mai santsi da mata ke kira matiriyal, ta manna su da gam, ta tsara su suka ba da siffar tulin juji yana gangarowa cikin kwata. Daga nesa yana ɗaukar ido ƙwarai. A gefensa ta liƙa takarda mai ɗauke da alƙaluman da ta samo a intanet: rahoton Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 da ya ce a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona tufafin da za su cika babbar mota guda a duniya, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabon tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sai kasuwar Kantamanto ta Akara a Ghana, inda gwanjo kusan miliyan 15 ke shiga a mako, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma su fita a matsayin shara, sai tulin tufafin da aka jibge a hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Babu ƙarya a cikin takardar. Wannan yana da muhimmanci, domin abin da ya biyo baya ba kama ta da ƙarya ba ne.

Yadda zaman ya gudana

Al'adar sashen ita ce ɗalibi ya tsaya gaban aikinsa ya yi bayani na ɗan lokaci, 'yan aji su tofa albarkacin bakinsu, sannan malamai. Abin da ya bambanta wannan zama shi ne malamar da ke duba aikin ta gayyato wani dattijon tela daga kasuwa, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aiki a masaƙar Gusau kafin ya koma ɗinki. Ba kowa a sashen ya so hakan ba. An ajiye masa kujera a baya, kusa da ƙofa.

'Yan aji ba su tsinana komai ba. "Ma sha Allah, ya yi kyau." "Gaskiya ta yi ƙoƙari." Haka suka yi ta jerawa. Ba rashin ido ba ne, don daga baya a waje an ji suna faɗin abubuwa masu ma'ana. Kara ce. Babu mai son ya kushe 'yar'uwarsa a gaban masu riƙe da maki, balle ga shi gobe shi ma zai tsaya a wurin. Duk malamin da ke jiran ɗalibanmu su soki juna a bainar jama'a don kawai an ce haka ake yi a makarantun zane na Turai zai daɗe yana jira.

Malami na farko ya dubi allon, ya ce wannan ai yanke-manne ne irin na 'yan firamare, ba aikin mai shirin karɓar shaida ba. Ya yi shiru, bai ƙara ba. Fuskar ɗalibar ta canza, kuma daga nan rabin hankalinta ya tafi ga danne hawaye. Wataƙila akwai gaskiya a cikin abin da ya hango, amma bai nuna wuri guda a jikin allon ba, bai ce ga abin da ya gaza ba. Maganar da ba za a iya ɗora yatsa a kanta ba, ɗalibi ba ya da abin da zai yi da ita sai ya kai ta ɗaki ya kwana da ita.

Malama ta biyu, mai koyar da saƙa da rini, ta taso ta zo har gaban aikin. Ta sa farce a ƙarƙashin wani guntun les, ya ɗago ba gardama. Ta nuna inda gam ya huda shadda ya bar tabo mai duhu, da inda gefen atamfa ya fara tsiyayar zare saboda ba a kalmashe shi ba. Ta ce zafin Gusau na watan Afrilu zai saki rabin abin da ke jikin katakon nan, ƙurar hunturu kuma za ta zauna a kan sauran. Sannan ta yi tambayar da ta fi gyaran nauyi: "Ke da kika yi kwanaki kina zirga-zirga tsakanin teloli, me ya hana ki ɗinka? Yadi ai allura ya sani." Ta kawo misalin El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka tun 1975, wanda ke haɗa marafan kwalabe da wayar tagulla ɗaya bayan ɗaya har su zama kamar ƙaton zane mai lanƙwasa, da Abdoulaye Konaté na Mali da ke jera siraran ƙyallaye rinannu yana ɗinke su. A ayyukansu, in ji ta, yadda aka haɗa kayan yana cikin abin da ake kallo. Ita kuwa ɗalibar ta ɗauki yadi ta mai da shi fenti.

Malami na uku ya ce aikin ba shi da rai saboda babu mutum a ciki. A ganinsa da ta sa siffar mace ɗauke da ƙunshin tsummoki a ka, da saƙon ya fi shiga zuciya. Ɗalibar ta amsa cikin ladabi cewa ta yi tunanin hakan tun farko ta fasa, don tana son a iya rataye aikin a ko'ina a garin ba tare da an tsaya gardama kan hoton mai rai ba. Ya ce tsoro ne. Ta yi shiru.

Abin da telan ya yi

Sai da aka kusa tashi malamar da ta gayyato shi ta ce, "Baba, ko akwai abin da za ku ce?" Ya taso a hankali, bai kalli takardar alƙaluman ba sam. Ya bi allon da tafin hannu yana murza ƙyallayen tsakanin yatsa biyu, irin murzar da mai sayen yadi ke yi a kanti. Ya tsaya kan wani guntun shadda mai faɗin tafi biyu.

"Ɗiyata, wa yac ce miki wagga shara ta?"

Ta ce, "Baba, a ƙasa na tsince ta, a shagonku ma."

"To ai ajiya ta. Masu hilo ka zuwa su saye. Kin ɗauke musu abinci kin liƙe ga katako."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya nemi ashana, ya ciro zare biyu daga gefen allon, ɗaya na atamfar auduga, ɗaya na matiriyal. Na audugar ya kama wuta nan take, ya ci da warin takarda, ya bar toka mai laushi da ta watse da ya hura ta. Na biyun ya noƙe daga wutar, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri da ba ya murjewa. Ya ɗora shi a tafin hannunta. "Wanga shi na sharar. Roba ta. Ba mai saye, ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa balle a goge wani abu da shi."

Gwajin da ya yi tsohon abu ne da duk mai harkar yadi ya sani, kuma dalilinsa a fili yake. Auduga tsiro ce, shi ya sa take ƙonewa kamar ciyawa ta koma toka. Foliyesta, wato zaren da ake yin irin wannan matiriyal da shi, daga man fetur ake yin ta, danginsu ɗaya da robar ruwan sha, kuma yanzu ita ce fiye da rabin zaren da duniya ke sarrafawa. Abin da ɗalibar ta yi shi ne ta haɗa biyun a tuli guda ta kira su da suna guda, saboda hotunan da ta gani na Akara da Atakama haka suke, tuli guda. Amma can matsalar ta gwanjo ce da ya yi yawa har ya fi ƙarfin masu saye. Gusau ba tashar jirgin ruwa ba ce. Gwanjon da ke isowa nan ya riga ya bi hannu da yawa, galibi ta Kwatano da kan iyaka, tunda yana cikin kayan da dokar kwastan ta haramta shigowa da su Najeriya, kuma idan aka fasa dila da wuya a rasa mai ɗaukar ko da mafi lalacewa a ciki. A garin da riga ke sauka daga wa zuwa ƙane, daga ƙane zuwa almajiri, daga nan ta zama tsumman goge fitila, ba za a ari bayanin wata ƙasa a yafa masa ya zauna daidai ba.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta fito daga bakin wannan mutum da zafi. Gusau garin auduga ne. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗa na cikin manyan abubuwan da jirgin ke kwasa. An yi gidan gurzar auduga, a shekarun 1960 aka kafa masaƙa, ta ciyar da gidaje masu yawa kafin ta tsaya a farkon shekarun 2000, zamanin da masaƙun Kaduna su ma suka bi juna, Kaduna Textiles (KTL) a 2002, United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007. Yau yawancin yadin da telan Gusau ke yankawa daga Kantin Kwari na Kano yake zuwa, shi kuma Kwari akasarin kayansa daga Sin. Dattijon ya ga lokacin da ƙyallen da ke faɗuwa ƙarƙashin tebur kusan duk auduga ne, ya kuma ga lokacin da ya koma roba. Wannan sauyi ya faru a garin da ɗalibar take zaune, a kan titin da take bi kullum, kuma babu alamarsa ko kaɗan a allonta.

Kafin a watse wata 'yar ajinsu, da ta ga baki ya buɗe, ta nuna wata atamfa mai ruwan goro da ta bayyana a wurare da yawa a jikin aikin. Ta ce ankon bikin yayarta ne, kuma ita kanta sau ɗaya ta sa nata, yana ƙasan akwati. Ta faɗe shi ne kamar raha. Malamar da ke duba aikin ta rubuta.

Bayan zaman

Ɗalibar ta yi kwanaki ba ta leƙa situdiyo ba. Da ta dawo, abin da ke bakinta shi ne maganar 'yan firamare da dariyar da aka yi mata. Nan ne malamarta ta yi aikin da a ganina ya fi na ranar zaman wuya. Ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma kare abokin aikinta ba. Ta miƙa mata takardar da ta rubuta duk abin da aka faɗa, ba tare da sunan wanda ya faɗa ba, ta ce ta je gaban allon ta karanta ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta iya samun wurinsa a jikin aikin ta sa masa alama da alli. Maganar gam ta sami wuri. Maganar gefen da ke tsiyaya ta samu. Ta telan ta samu a ko'ina. Ta 'yan firamare ba ta sami inda za ta zauna ba, sai aka bar ta a takarda. Cire sunayen ya yi amfani fiye da yadda ake zato, domin ɗalibanmu kan auna magana da girman mai ita, su haɗiye ta shugaban sashe ko da ba ta da kai, su yar da ta ɗan aji ko da ita ce daidai.

Shawarar sa siffar mace ta ƙi ta, kuma ina ganin ta yi daidai. Malamin ya faɗi aikin da shi zai yi ne da a ce nasa ne. Wannan irin sharhi ya fi kowanne yawa a zaman malamai, ya kuma fi wuyar ganewa, saboda yana zuwa da fara'a da niyyar taimako.

Maganar dattijon ma ba duka ta ɗauka ba. Shi a wurinsa duk abin da ba a sa a jiki ko a kwanta a kai ba ɓarnar kaya ne, ya ma faɗa wa malamar a hanya cewa da an ba shi allon da ya yi ƙofa da shi. Da ɗalibar ta bi shi har nan, da babu aikin. Haka kuma ya fi ƙarfafa cewa atamfa ba ta zama shara, alhali da ta koma ta yi ta gwada ashana da kanta, ta tarar da yawa daga cikin masu arahar nan da ake kira atamfa su ma narkewa suke yi. Ido da hannun tsoho sun saba da kayan da, kayan yanzu na iya yaudararsu.

Sai ta sake komawa kasuwa, wannan karon ba da buhu ba. Ta zauna a shaguna tana kallon inda ƙyalle ke zuwa bayan an share. Manyan guntaye telan kan ajiye don faci da aljihu da kalmasar ciki, ko ya haɗa su ya yi wa yaro riga. Matsakaita na auduga masu filo da katifa ke kwasa, makanikai da masu gyaran janareta su ɗauki na goge baƙin mai, mata su yi gammo, 'yan mata ƙanana su yi wa 'yar tsana zane. Abin da ke saura bayan kowa ya zaɓa shi ne mai santsi da mai ƙyalli: matiriyal, ragar les, yadin ciki, da farin nan mai gam da ake mannawa a wuyan riga da guga. Su ne yaron shago ke kaiwa bayan kasuwa ya cinna wa wuta da magariba, ko a tura su kwata, su haɗu da leda su toshe ta, damina ta zo ta kwashi abin da ta iya zuwa kogi. Ta kuma bi zancen anko, ta tambayi ƙawaye da 'yan'uwa kowa ta buɗe akwati. Abin da ta gani ya sa ta fahimci cewa akwai tufafin da ba su taɓa zuwa juji ba amma sun daina amfani tun ranar da aka watse daga biki.

Aiki na biyu da abin da aka ce a kansa

Ta bar katako gaba ɗaya. Ta ari keke ta ɗinka dogon shimfiɗi da ake ratayewa daga sama ya sauko har ƙasa. Sama duk auduga ce, da ɗinki mai faɗi wanda za a iya warwarewa, an jera ta bisa inda kowane ƙyalle zai je: na mai filo, na makanike, na gammo. Yana saukowa audugar na raguwa, roba na ƙaruwa, har ƙasan ya zama matiriyal da les zalla, gefensu a babbake, da ƙwallayen narkakken zare a ɗinke kamar duwatsun ado. Atamfar ankon nan mai ruwan goro ta ratsa tsakiya a siririn layi, sabuwa fil, ko wanki ba ta taɓa gani ba. Takardar alƙaluma ta tafi. A madadinta ta ajiye ƙananan ƙyallaye biyu a faranti don mai kallo ya murza da hannunsa.

A zama na biyu malamai sun rabu. Mai koyar da saƙa ta ce yanzu ne aikin ya san abin da yake faɗa, ko da yake ɗinkin tsakiya ya tattare saboda an haɗa yadi mai miƙewa da marar miƙewa ba tare da an daidaita zaren keke ba. Malamin da ya so siffar mace ya ce na farko ya fi ƙarfin launi, wannan ya zama darasi, kuma yana da hujja: kyan da ke dakatar da mutum daga nesa ya ragu, sai an matso ake ganin abin da ke ciki. Wanda ya yi maganar 'yan firamare ya tambayi dalilin cire alƙaluman, yana ganin su ne ke nuna an yi bincike. Ɗalibar ta ce, "Malam, suna cikin rubutaccen rahotona, babi na biyu. A nan ina son a taɓa ne." Wannan karon muryarta ba ta rawa. 'Yan aji kuwa an raba musu ƙananan takardu kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gani da abu ɗaya da bai gane ba, ba suna. Daga cikinsu ne tambayar da ta fi ba ta wahala ta fito: idan an gama ba da maki, ina wannan abu zai je? Ɗakin ajiyar sashen cike yake da ayyukan ɗaliban baya da gara da ƙura suka gama da su.

Rabin sama yana da amsa, don dama an ɗinka shi ne a warware, kuma mai filon da ke saye a shagon dattijon ya ce a kawo. Rabin ƙasa ne ya gagara. Ta kai samfurinsa wurin 'yan jari-bola da ke sayen ƙarfe da dalma da robar ruwa a kan sikeli, tana ganin tunda shi ma roba ne za su karɓa. Mai sikelin ya juya shi, ya ja, ya miƙa mata abinta, ya ce masu zuwa daga Kano su kwashi kaya ba su taɓa tambayarsa irin wannan ba, ko kyauta ta ba shi sai dai ya ƙona.